Zugazugin Baba da Keken Dokin Amish

A cikin fim na fara ganin mutanen da ake kira Amish. Ina aji biyar na sakandare, wata rana a ɗakin kawuna aka nuna wani tsohon fim na Amurka mai suna Witness, wanda ya fito a 1985, inda Harrison Ford ya fito a matsayin ɗan sandan da ya je ya ɓuya a cikinsu. Labarin ya daɗe da ɓace mini. Hotunan ne suka tsaya: keken doki a gefen kwalta, maza masu gemu ba gashin baki, kowa da malafa, mata da 'yar farar hula, sai kuma wurin da maza suka taru suka tayar da wani ƙaton rumbu na katako cikin wuni guda. Kawu ya nuna talabijin da baki ya ce, “Ka ga Turawan ƙauye, waɗannan ko wutar lantarki ba su sani ba.” Da aka zo kan ginin rumbun sai ya gyara zama ya ce, “Ashe su ma suna gayya.”

Maganganun nan biyu na kawu su ne kusan dukkan abin da duniya ke faɗa game da Amish. Wani ya raina su, ya ce mutane ne da zamani ya wuce ya bari. Wani ya yi sha'awarsu, ya ce su ne suka riƙe zumunci da natsuwar da sauran jama'a suka zubar. Na fi shekara goma ina ɗauke da zaton biyu a kaina ba tare da na lura cewa tushensu ɗaya ba: duka biyun sun ɗauka cewa Amish sun tsayar da agogo a wani ƙarni da ya shuɗe, sun zauna a ciki.

Darasin walwalar harshe ne, a shekarar farko ta digirina na biyu, ya sake haɗa ni da su. Malaminmu ya ba mu aiki kan ɗorewar harshe da mutuwarsa, aka raba mana misalai, nawa ya faɗo kan harshen da Amish ke yi a gida, wanda suke kira Deitsch. Wani reshe ne na Jamusanci da baƙi suka zo da shi jihar Fensilbaniya a ƙarni na 18, ya cakuɗa ya zama harshe mai zaman kansa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a da yawancin masu wannan harshe ba Amish ba ne. Manoma ne 'yan cocin Lutheran da makamantansu, kuma su jikokinsu sun saki harshen a ƙarni na 20 sun koma Ingilishi. Amish da 'yan'uwansu Menonawa masu tsohon tsari ne suka riƙe shi, alhali ba gwamnatin da ke tallafa masa, ba a koyarwa da shi a makaranta, ba su da rediyo balle talabijin da za a watsa shi. Yaro yana tashi da Deitsch a gida, ya koyi Ingilishi a makaranta, ya ji tsohon Jamusancin Littafi Mai Tsarki a wurin ibada. Mark Louden ya yi littafi guda a kan tarihin harshen a 2016. Mu da muke yawan cewa harshe ba ya rayuwa sai da hukuma da manhaja da kafar watsa labarai, wannan misali ya isa ya sa mu sake lissafi. Harshen yana ƙaruwa ne saboda masu shi suna ƙaruwa, suna auren juna, suna zaune kusa da juna, kuma suna jin cewa barinsa barin jama'a ne.

Wannan ƙaruwa ita ce ta fara rusa mini hoton da na ɗauko daga ɗakin kawu. Na zaci saura ne na wata al'umma da ke ƙarewa. A 1900 ba su wuce kimanin mutum 5,000 ba. Yau sun kai wajen 400,000, a jihohi sama da 30 na Amurka da wasu lardunan Kanada, kuma adadinsu na ninkawa kusan duk shekara 20. Ba sa wa'azin jawo baƙi. Haihuwa suke yi da yawa, sannan kimanin kashi 85 cikin 100 na 'ya'yansu suna zaɓar zama a ciki idan sun girma.

Kalmar zaɓi tana da nauyi a tarihinsu. Asalinsu yana komawa birnin Zurik na ƙasar Suwizalan a 1525, lokacin da wasu matasa suka ce baftismar jariri ba ta da ma'ana, sai mutum ya yi hankali ya amsa da bakinsa. Suka sake yi wa juna baftisma, suka ƙi rantsuwa, suka ƙi ɗaukar makami. Hukumomin Katolika da na Furotesta duka suka far musu. An nutsar da ɗaya daga cikin jagororinsu, Felix Manz, a kogin Limmat a 1527. Labaran waɗanda aka kashe an tattara su a wani babban littafi na shahidai da aka buga a Holan a 1660, wanda har yau ana samunsa a gidajen Amish. A 1693 wani dattijo mai suna Jakob Ammann ya saɓa da sauran shugabanni kan tsananin ƙaurace wa wanda aka fitar daga ikilisiya, mabiyansa suka ware, sunansa ya bi su. Daga baya suka yi hijira zuwa Fensilbaniya, inda William Penn ya buɗe ƙofa ga masu gudun tsanantawar addini. A Turai ba su saura ba. Ikilisiyarsu ta ƙarshe a can ta narke cikin Menonawa a 1937.

Wanda ya lura da shekarun nan zai ga cewa rabuwar 1693 ba ta da alaƙa da injin ko lantarki, domin babu su a lokacin. Manomin Amish na 1850 da maƙwabcinsa wanda ba Amish ba, doki ɗaya suke bi, fitila iri ɗaya suke kunnawa. Bambancin da muke gani a yau a ƙarni na 20 aka gina shi, abu bayan abu, ana muhawara, ana gwadawa, wani lokaci ana rabuwa. Nan ne na fi daɗewa a karatuna, domin nan ne zatona ya fi yin kuskure.

A ɗauki tarho. A farkon ƙarnin wasu gidajen Amish na yankin Lankasta sun sa tarho kamar kowa. Wajen 1910 shugabanni suka hana ajiye shi a cikin gida, saboda sun ga yana kawo tsegumi, yana kuma rage ziyara: wanda zai iya kira ba zai ɗaura doki ya je ba. Amfani da shi kuwa ba a haramta ba. Shi ya sa daga baya aka samu 'yar rumfar tarho a bakin hanya ko a ƙarshen gona, gidaje da yawa suna tarayya a kanta. Mai bukatar likitan dabbobi ya taka ya je ya kira, amma ƙararrawa ba za ta katse cin abincin iyali ba. Mota ma haka: ba a mallaka, ba a tuƙawa, amma ana shiga. Akwai maƙwabtansu da sana'arsu ke nan, jigilar Amish zuwa asibiti ko biki mai nisa. Hujjarsu ita ce mai mota a ƙofar gida yana iya yin nisa da jama'arsa a duk lokacin da ya ga dama, doki kuwa tafiyarsa tana da iyaka, sai rayuwa ta tsaya a inda ƙafarsa ke kaiwa. Wutar da ake ja daga turakun gwamnati ko na kamfani ita suka ƙi, domin wayar da ta shigo da fitila ita za ta shigo da rediyo da talabijin. Batir da injin dizal da farantin hasken rana suna nan a wurare da yawa. A shagon kafinta za a ga zarto da injin goge katako na zamani, an cire musu motar lantarki an mayar da su masu aiki da matsattsiyar iska ko matsin mai. A Lankasta tarakta tana tsaye a bakin rumbu tana juya injuna, amma a gona dawaki da alfadarai ke jan garma.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na madara, wanda Donald Kraybill ya kawo a littafinsa na 1989 kan al'adun Amish. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanonin da ke sayen madara suka ce dole kowane manomi ya sa babban tanki mai sanyaya madara, in ba haka ba su daina saye a farashi mai kyau. Bishof-bishof na Lankasta suka zauna da su aka yi ciniki. Suka yarda da tankin, bisa sharaɗin injin dizal ne zai sanyaya shi, abin motsa madarar kuma ya yi aiki da batir. A kan abu ɗaya suka kafe: motar kamfani ba za ta zo ɗaukar madara ranar Lahadi ba. Wannan ba halin mutanen da ba su san zamani ba ne. Sun san shi sarai, har sun san inda za su sassauta da inda za su tsaya ko da za a yi asara.

Dokokin nan suna cikin abin da suke kira Ordnung, wato tsarin zaman jama'a, wanda galibi ba a rubuce yake ba, kuma sau biyu a shekara ikilisiya ke sake amincewa da shi kafin cin jibin Ubangiji. Ikilisiya ɗaya gidaje ne kamar 25 zuwa 35. Mafi yawansu ba su da ginin coci. A gidajen juna suke ibada, Lahadi ɗaya a yi, ɗaya a huta. Shugabanninsu ba su je makarantar tauhidi ba, ba a kuma biyansu. Jama'a ke ba da sunaye, a saka 'yar takarda a cikin ɗaya daga littattafan waƙoƙin ibada, wanda ya ɗauki mai takardar nauyi ya hau kansa har ƙarshen rayuwa. Tunda babu wani babban shugaba a sama da kowa, tsarin wannan yanki ya sha bamban da na wancan. 'Yan Swartzentruber ba su yarda da famfo a cikin gida ba, wasunsu ma sun sha shari'a da hukuma kan ƙin liƙa alamar nan mai kusurwa uku a bayan keken doki. A arewacin Indiyana kuwa magidanta da yawa ma'aikata ne a masana'antun ƙera motocin shaƙatawa masu ɗaki a ciki, motocin da su kansu ba za su taɓa mallaka ba. Ko launin keken ba ɗaya ba ne: na Lankasta ruwan toka, na Ohayo da Indiyana baƙi. Noma ma, wanda shi ne hoton da aka fi sayarwa, yanzu ba shi ne abincin yawancin gidaje ba. Ƙasa ta yi tsada, 'ya'ya sun yi yawa, sai aka koma kafinta da gini da ƙananan shaguna.

Sauran zace-zacen ba sa bukatar dogon bayani. Ana cewa ba sa biyan haraji. Suna biyan na kuɗin shiga da na ƙasa da na saye, har da harajin makarantun gwamnati da 'ya'yansu ba sa zuwa. Abin da Majalisar Amurka ta ɗauke wa masu aikin kansu a 1965 shi ne shiga tsarin fanshon gwamnati, domin sun ce kula da tsoho aikin iyali da ikilisiya ne, kuma ba sa karɓar komai daga tsarin. Ana cewa ba sa zuwa asibiti. A garin Strasburg aka fara gina asibitin yara masu cututtukan gado da likita Holmes Morton ya kafa a 1989, Amish da Menonawa ne suka yi gayya suka tayar da gininsa, kuma ana binciken ƙwayoyin halitta na zamani a cikinsa. Shi kuwa Rumspringa, lokacin da matashi ke samun sassauci daga shekara 16 har ya yanke shawarar karɓar baftisma, shirye-shiryen talabijin irin su Breaking Amish na 2012 sun mayar da shi tafiya birni a sha giya. Akwai masu yin hakan, amma yawancinsu a gidan iyayensu suke kwana, abin da suke yi bai wuce wasan ƙwallon raga da taron waƙa na daren Lahadi da neman aure ba.

Da raini ya faɗi, sai na tsinci kaina a ɗaya ɓangaren, ina sha'awarsu fiye da kima. Abin da ya faru a Nickel Mines ne ya ja ni. Ranar 2 ga Oktoba 2006 wani direban motar madara, wanda ba Amish ba ne, ya shiga wata makarantarsu mai aji ɗaya, ya harbi 'yan mata goma, biyar suka mutu, ya kashe kansa. Kafin gari ya waye wasu Amish sun je gidan iyalansa sun yi musu ta'aziyya. Da dama sun halarci jana'izarsa, kuma daga gudummawar da duniya ta aiko aka ware wa matarsa da 'ya'yansa. Mutanen da suka tashi da labarin Dirk Willems ne, wanda a 1569 ya tsere daga kurkuku a Holan, mai binsa ya faɗa cikin ruwan ƙanƙara, ya juyo ya ciro shi, aka kama shi aka ƙone. Ni da na tashi a ƙasar da ramuwar gayya ta cinye garuruwa, na karanta wannan na yi shiru.

A nan ne ma na gano cewa dangin nan ba su yi mana nisan da na zata ba. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda mishan suka fara aikinta a Garkida a 1923, ta fito ne daga cocin 'Yan'uwa na Amurka, wanda ya sha daga wannan rijiya ta masu baftismar manya da ƙin ɗaukar makami. Yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a 2014 'ya'yan wannan ikilisiya ne. Su ba Amish ba ne, ba su da keken doki, amma koyarwar ƙin ramuwa ɗaya ce, kuma an jarraba ta a ƙasarmu da sunan Hausa a kanta.

Sai dai sha'awa ma tana rufe ido. Al'ummar da ta yafe wa baƙon da ya kashe 'ya'yanta ita ce ke ƙaurace wa ɗanta da ya karɓi baftisma sannan ya fita: ba a cin abinci da shi a teburi ɗaya, ba a karɓar abu daga hannunsa, ko da uwa ce da ɗanta. Koyarwar yafiya, idan ta faɗa hannun mai ƙarfi, tana iya zama igiyar ɗaure mai rauni. A 2020 'yar jarida Sarah McClure ta wallafa binciken da ya tattaro shari'o'i 52 na lalata da yara a tsakanin Amish a jihohi bakwai, inda sau da yawa mai laifi ya yi iƙirari a gaban ikilisiya, aka ƙaurace masa na 'yan makonni, sannan aka bukaci wadda aka zalunta ta yafe ta yi shiru. Batun karatu ma haka yake da fuska biyu. A 1972 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar jihar Wiskonsin da Jonas Yoder, ta yarda iyayen Amish su tsayar da 'ya'yansu a aji takwas. Ana kawo hukuncin a matsayin nasarar 'yancin addini, kuma haka ne. Amma alƙali William O. Douglas ya saɓa a wani ɓangare, yana ganin ya kamata a ji ta bakin yaran, domin makomarsu ce ake yankewa. Ina ganin yana da gaskiya. Idan aka ce kashi 85 suna zaɓar zama, dole a tambaya wane irin zaɓi ne ke gaban saurayin da karatunsa ya tsaya a aji takwas, wanda duk wanda ya sani a duniya yana cikin gida ɗaya. Zaɓi ne, ban musa ba, amma ma'aunin ba daidai yake ba.

Miliyoyin masu yawon buɗe ido suna zuwa Lankasta duk shekara. Ba wannan suke nema ba, ba kuma tankin madara ko farantin hasken rana ba. Keken doki suke so, su ɗauki hoto, alhali Amish ba sa son tsayawa a ɗauke su, suna ganin hakan ƙofar girman kai ce. Ina karanta wannan ina jin haushin masu kyamara, har sai da wani abu ya faɗo mini.

Kundin digirina na farko a kan kalmomin sana'ar ƙira na yi shi. Na yi mako biyu ina zuwa maƙerar wani dattijo a ƙauyen kakannina, ina rubuta sunayen kaya: uwar maƙera, masaba, awartaki, da sauransu. Ranar da na zo ɗaukar hoto na tarar jikansa yana hura wuta da wata fanka da aka haɗa da ƙafar keke, yana juyawa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da waya. A gefe ga tulin sifirin na tsofaffin motoci, wanda da shi ake ƙera fartanya da gatari. Na ce, “Baba, ba a samun zugazugi?” Ya ce, “Akwai, yana rataye a zaure, ɓera ma ya taɓa shi. Me za ka yi da shi, Malam?” Na ce na makaranta ne, ana son a ga yadda ake yi a gargajiyance. Ya dube ni ya yi murmushi, ya aika aka ɗauko. Aka kakkaɓe ƙura, aka toshe hujin da tsumma, aka janye fankar zuwa bayan bukka, na roƙi yaron ya sa wayar a aljihu, na matsar da ƙarafan motar da ƙafata don kada su fito. Yaron bai iya zuga ba, sai da kakan ya nuna masa yadda ake sa hannu.

Ban tambayi Baba yaushe ya koma fanka ba, ko wa ya fara kawo ta garin, ko akwai maƙeran da suka ƙi ta da dalilinsu. Ban tambayi sunan da suke kiranta ba, ni da na zo tattara kalmomi. Na tuna dai ya ce mini akwai aikin da har yanzu ba ya yarda a yi masa da injin walda, ko da ya fi sauri, na kuwa bar maganar ta wuce domin ba ta cikin jerin tambayoyina. Irin cinikin da bishof-bishof na Lankasta suka yi da kamfanin madara, dattijon nan ya yi nasa shi kaɗai a bakin wuta shekara da shekaru, ya karɓi wani abu ya ƙi wani, kuma yana shirye ya faɗa mini. Na karanta ɗaruruwan shafuka kan yadda manoman wata nahiya ke tace zamani, na kasa ganin haka a garinmu, domin na je da hoton da nake so a kaina tun kafin in ciro kyamara.

Na koma ƙauyen bara da niyyar yi masa waɗannan tambayoyi, na tarar ya rasu da azumi. Jikan ne ke riƙe da maƙerar, ya ƙara injin wasa wuƙa mai aiki da janareta. Na tambaye shi zugazugin, ya ce tun ranar da na ɗauki hoto ba a sake sauko da shi ba. Hoton yana nan a kundin, a ɗakin karatu na sashe, kuma na ga wani ɗalibi ya riga ya kafa hujja da shi. A ƙarƙashinsa na rubuta da kaina: maƙeri da jikansa a bakin aiki.